Fasfon Ƙanenka Yana Aljihuna

Aminci ya tabbata a gare ka, ya kai ɗana, da rahamar Allah da albarkarsa. Bayan gaisuwar da mai rai ke yi wa mazaunin kabari, ina rubuto maka ne daga gidanmu na unguwar Al-Naseem, a nan ƙasa mai tsarki, wata goma sha ɗaya bayan an binne ka a wata tashar jiragen ruwa da ban taɓa gani ba.

Kai ne ɗan farina. Saboda haka ban taɓa kiran sunanka ba, ban kuma taɓa tambayarka abin da ke ranka ba. Abin da alkunya ta bar mini shi ne karantarwa.

Ka tuna taswirar Masar da na shimfiɗa maka wata Juma'a bayan mun sauko daga masallaci, kana ɗan shekara goma sha biyu. Na ɗora yatsa a kan mashigin Suez. Na faɗa maka cewa wani Bafaranshe ne ya karɓi izinin haƙa shi daga mai mulkin Masar, Ingila tana ta adawa. An kwaso manoma daga ƙauyuka aikin tilas, da fartanya da kwando, kamar yadda aka kwashi kakana aikin diga, na shimfiɗa titin jirgin ƙasa. Da ruwa ya gudana, bashi ya danne Masar, ta sayar wa Ingila kasonta. Sojojin ƙasar suka yi bore. Sai Ingila ta shigo da rundunarta ta cikin mashigin nan, ta ce tsaro ya kawo ta, ta zauna har jikoki suka girma.

Gargaɗi na nufa. Kai kuwa jiragen ka gani.

Ranar da ka samu aikin injiniya a jirgin dakon kaya, ban ce maka kada ka tafi ba. Ko filin jirgin sama na Sarki Khalid ban raka ka ba, direba na tura. Da gobara ta tashi a ɗakin injin, ta yi ajalinka, wasu ne suka yi maka wanka.

Yanzu ƙanenka Sadiƙu ya kai shekarun da iƙamarsa, takardar izinin zaman ƙasar nan, ba za ta ƙara zama ƙarƙashin tawa ba. Ya samu aiki a jirgin ruwan da ke bin hanyar mashigin nan, a lokacin da ake harbin jirage a Bahar Maliya. Jibi zai tashi. Mahaifiyarku ta ce mini, "Alhaji, ni tuwo kawai na ba su, kai ka koya musu hanyar ruwa."

Ina jin tsoro. Ban taɓa rubuta wannan kalma ba sai yau. Kwana uku ke nan da na ɗauke fasfonsa daga durowa. Yana ta nema, ina kallonsa, ina gaya wa kaina cewa tsare shi nake yi. Jiya na tuna waɗanda suka taɓa faɗin haka a bakin mashigin, abinci ya gagare ni.

Gobe bayan La'asar zan miƙa masa. Da kaina zan kai shi filin jirgi, in kira sunansa, in ce masa ba na so ya tafi, sannan in sa masa albarka.

Allah Ya yalwata kabarinka, Ya kai haske makwancinka. Allah Ya dawo mini da ƙanenka a kan ƙafafunsa.

Na bar ka cikin rahamar Ubangijinka, Mahmudu.

Mahaifinka.