Ɗinkin Beyar Ɗin Tsumma

Unguwar Barroquinha, daren Talata, 1884

Yau maƙwabciyarmu, bazawarar nan, ta kawo wa maigidana beyar ɗin tsumma, abin wasan 'yarta mai siffar dabba, kare ya yage masa ciki. Malam ya duba idonsa, ya latsa cikinsa kamar yadda yake yi wa alfadaran mutane, ya ɗinke da gashin wutsiyar doki. Ya ce, "Baiwar Allah, kada ya ɗauki kaya kwana uku." Suka yi ta dariya.

Ni kuwa tun Asabar manja ya ƙona mini hannu, bai ko lura ba. A littattafan soyayyar da nake karantawa, da tuni an sumbaci hannun nan.

Wai su dawo Juma'a a cire zare. A jikin tsumma! To, ranar a bakin ƙofa zan yi karatuna.