Kunnen Sha'aban Bakanike

Daura,
Ranar Talata.

Zuwa ga ɗana Harisu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Fadila da yara. Mu nan sai godiya. Na rubuto ne don wayar nan ta ishe ni. Kai ihu, ni ihu, ba mai jin wani.

Likitan Katsina bai yi ƙarya ba. Kunnen dama ya tafi, na hagu yana bin sawunsa. Amma maganar in rufe gareji in dawo Kano in zauna a ƙofar gidanka ina kallon masu wucewa, ka bar ta. Da gumin garejin nan ka yi karatu. Kunne na rasa, hannuwana suna nan.

Ƙanwarka Khairunnisa ta aiko mini da wata na'ura kamar sabulun wanka mai igiya, wai ana soka ta a mota ta faɗi ciwonta. Na jefa ta cikin akwatin sifanu. Ni da nake gane ciwon inji tun mota tana kwanar masallaci, roba ce za ta koya mini aiki?

Ka gai da kowa.

Mahaifinka,
Sha'aban.

Daura,
Ranar Lahadi.

Harisu,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya jikin Fadila? Allah ya ƙara sauƙi.

Shekaranjiya Lawal direba, mai jigilar fasinja zuwa Kongolam, ya kawo motarsa, fitilar inji a kunne. Ya tayar, na kara kunne, ban ji komai ba. Sai na ga leɓunan masu zaman benci suna motsi, Lawal kuma yana leƙen garejin da ke tsallaken titi. Na riƙe hannunsa na ce, "Ba inda motar nan za ta."

Na ɗauko na'urar. Na kwanta rigingine a ƙarƙashin sitiyari, ƙafafuna a waje, ina lalube. Na duba wajen birki, babu. Bayana ya riƙe, zufa na shiga idona. Ashe soket ɗin yana ɓoye bayan wani ɗan murfi kusa da akwatin fis, daidai gwiwar direba. Na soka, na murɗa makulli ban tayar ba, sai ga lambar P0302 a fuskar na'urar. Na tura wa Khairunnisa a rubuce, ta amsa cewa silinda ta biyu ce ba ta cin wuta.

Iyakar sanin na'urar ke nan, ba ta faɗi dalili ba. Na sa Lawal ya tayar, na ɗora tafina a kan injin, na ji yana ɗingishi. Fulogi lafiya lau, koyil mai ba shi wuta ne ya tsage. Na canja, rawar ta daina, na goge lambar, fitila ta mutu. Jiya ya je Kongolam ya dawo, ya turo mini abokan aikinsa.

Da na gama da motar nan na yi hawaye, na ce wa masu zaman benci mai ne ya shiga idona.

Mahaifiyarka ta ce motarka ta mace maka a hanyar Kazaure, bakaniken Kano ya kasa gane kanta. Kawo ta. Amma ka yi sammako, don akwai layi, kuma ba zan tsallake kowa saboda kai ba.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka,
Sha'aban Bakanike.