Ƙorafi Kan Sauya Kwas ɗin Sumayya Garba da Riƙe Layin Rajistarta

Garba Zakariyya'u,
Shagon Naɗin Kwayil,
Lamba 14, Layin Masu Fanka,
Tudun Wada, Kaduna.
Litinin, 8 ga Yuli, 2024.

Zuwa ga:
Mai Girma Babban Jami'in Kula da Ingancin Makarantu,
Shiyyar Kaduna ta Kudu.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: SAUYA WA 'YATA KWAS BA DA SANINTA BA, DA ƘIN SAKIN LAYIN WAYAR DA AKA YI MATA RAJISTAR JAMB DA SHI, A KWALEJIN KIMIYYA TA TAURARON GOBE, TRIKANIA

Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, ni mai suna a sama ina neman izinin gabatar da koke a kan makarantar da aka ambata. Ni ne mahaifin Sumayya Garba, 'yar shekara goma sha bakwai, wadda ta gama aji shida na sakandare a can a watan jiya. Sana'ata naɗin kwayil ɗin fanka da injinan ban ruwa. Karatuna na boko ya tsaya a aji huɗu na firamare, sauran kuma daga littattafan gwanjo na Kasuwar Barci na tsince shi, don haka ina roƙon afuwa in an ga tsarin takardar ya saɓa wa na ofis. Na yi sauri ne domin kwanakin da suka rage mana kaɗan ne, kamar yadda za a gani a lamba ta shida.

1. Ranar Litinin, 22 ga Janairu, makarantar ta tara iyayen 'yan aji shida. Malam Shehu Lawal, wanda shi ne jami'in ba ɗalibai shawara kan shiga jami'a, ya sanar cewa makaranta za ta yi wa yara rajistar JAMB a dunƙule. Ya ce da yake yawancinsu ba su kai shekarun mallakar layin waya ba, ya sayi layuka da sunansa, kowane yaro ɗaya, kuma za su zauna a ofishinsa don kada su ɓata. Aka raba mana takardar amincewa da Turanci. Ba zan ɓoye ba, na karanta ta, na kuma ga wurin da aka ce za a cike zaɓin yara bisa shawarar jami'in. Na so in tambaya ko shawara tana nufin hukunci. Na duba na ga iyaye masu manyan riguna suna sa hannu ba tare da sun ɗaga kai ba, sai na ji nauyin in zama ni kaɗai mai tambaya. Na sa hannu. Wannan laifina ne, na kuma rubuta shi tun farko don kada a ce na ɓoye.

2. A fom ɗin da aka ba ta, Sumayya ta rubuta da hannunta cewa tana son Injiniyan Lantarki a babbar jami'ar tarayya da ta daɗe tana buri. Ranar Talata, 6 ga Fabrairu, aka kwashe su a bas zuwa cibiyar rajista. Abin da ta shaida mini shi ne, an ɗauki hotonsu, sun dangwala yatsa, ma'aikacin cibiyar kuma yana kwafa daga wasu takardu da Malam Shehu ya miƙa masa. Takardun shaidar rajista da injin ya fitar, malamin ya karɓe su duka a bakin ƙofa da sunan adanawa. Darussan jarrabawarta ba su canza ba, Turanci da Lissafi da Fizis da Kemistiri, saboda haka babu abin da ya sa ta zargin komai. Ta zauna jarrabawa ranar 23 ga Afrilu, ta sami maki 276.

3. Ranar Litinin, 24 ga Yuni, ta je shagon kwamfuta domin yin rajistar tantancewa ta jami'ar da ta zaɓa. Na'ura ta ce ba ta cikin waɗanda suka zaɓi jami'ar. Da aka bincika, sai aka ga an sa mata kwas ɗin koyar da Fizis a wata ƙaramar jami'a dabam. Ba na raina aikin koyarwa, domin duk ɗan abin da na sani wani malami ne ya zauna ya rubuta shi. Amma ba shi ta nema ba. Ta dawo shagona ta tsaya a bakin benci, ta ajiye mini takardar da aka buga mata a kan wata fanka da nake kwancewa.

4. Ranar Alhamis, 27 ga Yuni, na sami Malam Shehu a ofishinsa. Bai musa ba, bai kuma ɗaga mini murya ba. Ya juyo mini da kwamfutarsa ya nuna mini wani jadawali da ya ce shi ya ƙirƙiro, shekara shida yana aiki da shi wajen auna damar kowane ɗalibi ta samun gurbi a manyan jami'o'i. Akwai gidan sakamakon jarrabawar gwaji, da gidan jihar ɗalibi, da gidan mace ko namiji, da gidan zuwa lesin, da gidan karatun uba. Wanda ya haɗa saba'in ana shafa masa kore, a bar masa zaɓinsa. Wanda ya gaza ana shafa masa rawaya ko ja, a sauya masa zuwa inda ya fi tabbas. Sumayya ta haɗa sittin da shida. A gidan jarrabawar gwaji ita ce ta uku a ajinsu. A gidan karatun uba, inda mai digiri yake samun biyar, an rubuta mata sifiri.

Ranka ya daɗe, na yi lissafin a tsaye a wurin, ba ya buƙatar takarda. Da mai digiri ne ya haife ta, da ta haɗa saba'in da ɗaya.

Ina so a fahimce ni da kyau. Ban zo in ce wannan gida ƙarya ne tsagwaronta ba. Gaskiya ne tun tana aji huɗu lissafinta ya wuce inda zan iya taimaka mata, kuma gaskiya ne ban san kowa a wata jami'a ba. Mai yiwuwa in aka tara yara dubu masu uba irina, adadin zai goyi bayan Malam Shehu. Abin da na kasa ganewa shi ne yadda abin da yake gaskiya a kan yara dubu ya zama hukunci a kan yarinya ɗaya, tun kafin ta zauna jarrabawar, ba tare da an kira ta an faɗa mata ba. Tun tana 'yar shekara tara take ƙirga mini zagayen waya in ina naɗi. Ita ta gano mini dalilin da ya sa wani injin ban ruwa yake ƙonewa duk bayan wata biyu, alhali na yi naɗinsa sau uku. Babu gidan wannan a jadawalin.

5. Na roƙe shi ya ba mu layin, tunda gyara zaɓi a cibiyar rajista yana buƙatar lambar sirri da ake turowa ta wannan layi kaɗai. Ya ƙi. Ya ce ko da maki 276, damarta ta samun Injiniyan Lantarki a wannan jami'a ba ta wuce ɗaya cikin uku ba, gurbin da ya nema mata kuwa kamar yana hannu. Kalmominsa su ne: “Malam Garba, kai da kake gyaran inji, za ka saki aikin da ka san sau biyu cikin uku ƙonewa zai yi?” Tambayar ta kama ni. Na yi kwanaki ina juya ta. Amsata yanzu ita ce, ba zan saki irin wannan aiki a ɓoye ba. Zan kira mai injin in faɗa masa gaskiya, in ya ce a haɗa a hakan, injinsa ne. Abin da ban taɓa yi ba shi ne a kawo mini injin ban ruwa in mayar da shi fanka don na ga fanka ta fi saurin tashi, sannan in kulle shago in sa makulli a aljihu.

Ranar Talata, 2 ga Yuli, na ga shugabar makarantar, Misis Damaris Bature. Ta karɓe ni da mutunci, ta sa aka kawo mini ruwa. Ta ce, “Baban Sumayya, mu ba ma caca da 'ya'yan mutane.” Ta ce na sa hannu a Janairu, kuma za a raba layukan ne bayan kowa ya karɓi gurbinsa. A kan hanyata ta fita na wuce ta ƙarƙashin babban ƙyallen da ke rataye a ƙofarsu, wanda ke cewa shekara biyar a jere duk ɗaliban makarantar sun sami gurbi, ɗari bisa ɗari. Ba na zargin kowa da abin da ban ga zuciyarsa ba. Ina dai lura cewa yarinyar da ta nemi babban wuri aka ƙi ta tana rage wannan adadi, wadda aka tura inda ba ta so kuwa ba ta rage komai. Kamfanin waya ma na je, suka ce ba za su sabunta layi ga kowa ba sai wanda sunansa ke kai, wato Malam Shehu.

6. Jami'ar da Sumayya ke so za ta rufe rajistar tantancewa ranar Juma'a, 19 ga Yuli. A cibiyar rajista an shaida mini cewa gyaran zaɓi yana ɗaukar kwanaki kafin ya bayyana wa jami'a. Idan layin bai zo hannunmu ba zuwa Juma'ar nan, 12 ga wata, maganar ta ƙare a bana. Haka kuma ina tsoron tunda layi da lambar shiga shafinta na JAMB duk suna hannunsu, a karɓa mata gurbin da ba ta so da sunanta, abin da aka ce mini in an yi shi da wuya a warware.

7. Adalci ya sa in ambaci abin da bai goyi bayana ba. Ƙawar Sumayya, Gloria Ernest ta Narayi, ita ma ta nemi karatun injiniya, an sauya mata. Na je na sami mahaifinta, ina tsammanin zai sa hannu tare da ni. Ya ƙi. Ya ce babban ɗansa shekara uku yana neman gurbi bai samu ba, yanzu yana zaune a gida ba ya son haɗa ido da kowa, shi kam ya gode wa Malam Shehu. Ban ga laifinsa ba. Ni ma sai da na zaunar da Sumayya na faɗa mata ɗaya cikin ukun nan yadda aka faɗa mini, ban rage komai ba. Na gaya mata tana iya rasa duka biyun, ta zauna shekara guda tana kallon sa'o'inta suna tafiya. Har na ji kaina ina lallashinta ta haƙura, domin ni ma ina jin tsoro. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, “Baba, in jami'a ta ƙi ni, zan san ban kai ba, in sake shiri. Wannan fa ban san me zan gyara ba.” Daga nan na daina lallashi na nemi takarda.

Saboda haka, cikin ladabi, ina roƙon ofishinka mai daraja da abubuwa kamar haka:

(a) A umarci makarantar ta miƙa wa Sumayya layin rajistarta da takardar shaidarta da lambar shigarta, a gaban jami'inka, kafin ƙarfe goma sha biyun ranar Juma'a, 12 ga Yuli.

(b) A hana kowa karɓa ko ƙin wani gurbi da sunanta kafin nan.

(c) A kira sauran ɗaliban da aka shafa wa rawaya da ja, a nuna wa kowa abin da aka zaɓa masa. Wanda ya yarda, kamar gidan su Gloria, a bar shi. Wanda bai yarda ba a ba shi layinsa.

(d) A duba jadawalin. Ban nemi a hana Malam Shehu auna damar yara ba, domin ilimi ne mai amfani, kuma da ya faɗa mana a fili da na yi masa godiya. Ban kuma nemi a kore shi ba. Ina neman ya riƙa faɗa wa yaro adadinsa, sannan ya bar masa alƙalami.

Na haɗa da kwafin sakamakon jarrabawarta, da takardar da shagon kwamfuta ya buga mana, da kwafin takardar da na sa wa hannu a Janairu. Akwai kuma takarda ta huɗu wadda ni da Sumayya muka sa wa hannu jiya a gaban mai unguwarmu. A ciki mun yi alkawari cewa idan aka ba mu layin, ta nemi Injiniyan Lantarki ba ta samu ba, ba za mu ɗora wa makarantar ko Malam Shehu alhakin komai ba. Mun kuma yarda a cire sunanta daga lissafin ɗaliban bana tun yanzu, domin adadinsu ya zauna cif yadda suke so. Shekarar da za ta iya rasawa tata ce, ta san haka, kuma da hannunta ta rubuta kwanan wata.

Zan zo ofishinka gobe Talata da hantsi, da jibi, da gata, in zauna a inda masinja ya nuna mini har a ba ni amsa.

Allah ya ƙara girma, ya sa ka gama lafiya.

Naka mai biyayya,

Garba Zakariyya'u
(Mahaifin Sumayya Garba)

Kwafi zuwa ga: Shugabar Kwalejin Kimiyya ta Tauraron Gobe, Trikania.