Tulun da Ba Shi da Takarda

Malama Seol, don Allah ki taimake ni da shawara kafin Chuseok, bikinmu na girbi, domin jakata a haɗe take a bayan kabad, kuma idan ban ji ta bakin wani mai hankali ba, washegarin biki zan hau mota in bar gidan nan. Shekarata hamsin da tara, talatin da biyar daga ciki a gidan aure na yi su. Ban taɓa rubuta wa jarida ba, ki yi haƙuri idan na yi ta kewaye-kewaye.

Mijina ya yi shekara ashirin da takwas a masana'antar ƙera ƙwayoyin memori, ƴan mitsi-mitsin abubuwan nan da ke riƙe hotuna da lambobi a cikin waya. A ɗakin da ba a yarda ƙura ta shiga ba yake aiki, cikin farar rigar da ke rufe mutum ruf, sai idanu kawai. Sunansa yana kan takardun ƙirƙira har bakwai, ga su can rataye a falo. Akwai wata doka ta wurin aikinsu da na ji a bakinsa har na haddace: abin da ba shi da takarda, shara ne. Duk tiren da ba a san ranar shigowarsa da inda ya fito ba, zubar da shi ake yi, komai kyansa. Da can dariya nake yi idan ya faɗa, don a bakin ƙofar masana'anta yake barin dokar ya dawo gida.

Shekara uku ke nan da ya yi ritaya. Shekarar farko lafiya lau, yana hawan dutse da abokansa ran Asabar, ya dawo yana warin giyar shinkafa. A ta biyu ya daina fita, ya waiwayo kan kicin ɗina. Wai zai ƙirƙiro kantar ajiya da babu irinta, wadda za ta zama takardarsa ta takwas. Ya sayo robobi iri ɗaya guda sittin, ya dasa ƴar ƙwaya da ƴar fitila a murfin kowacce. Idan abin da ke ciki yana da sauran kwana, fitila kore ce, idan kwanansa ya ƙare sai ta koma ja. Kowace roba da takardarta mai layi uku: suna, ranar shigowa, ranar zubarwa. Ni da na ciyar da shi shekara talatin da biyar da hancina da harshena, yanzu sai fitila ta ba ni izini kafin in taɓa garin barkono. Kimchi, kabejin nan da muke tsimawa da barkono, bai ma fara daɗi ba, da ya cika sati biyu fitila ta yi ja, ya juye shi a shara. Da na kai kuka wurin maƙwabciyata ta hawa na tara, cewa ta yi, “Ke Maman Bo-ram, kin samu wuri! Nawa tsohon ko inda cokali yake bai sani ba, in kin gaji da naki mu yi musaya.” Bo-ram ƴarmu ce tilo, tana aure a Busan. Ba sunanta na gaskiya ba ne, na canza.

Takardun nan ba su tsaya kan robobi ba. Suka hau durowa: cokula. Suka hau firij: firij, sai ka ce wani zai ɗauka talabijin ce. Yanzu har ƙofar banɗaki da takardarta. Kantar kuwa ta tsaya cak tun bazara, wayoyi na reto a bayanta. Yakan zauna gabanta da ƙarfen liƙa waya a hannu har ya huce, bai liƙa komai ba. Idan na tambaya sai ya daka mini tsawa, shi da bai saba ɗaga murya ba.

Ga kuma wulakanci iri-iri da ya koyo da girmansa. Lambar buɗe ƙofarmu ba ta canza ba tun da muka tare, amma yanzu sai ya tsaya yana danna ƙararrawa sai na taso na buɗe masa, ya ce hannunsa cike yake, alhali babu ko leda a hannun. Ya daina tuƙi, wai idonsa, likitan ido kuma ya ce ƙalau yake. A bikin sabuwar shekara, mijin Bo-ram ya zo gaisuwa, sai mijina ya miƙe ya rusuna masa, ya zuba masa abin sha da hannu biyu, yana yi masa magana irin ta girmama baƙo. Yaron ya rasa inda zai sa kansa don kunya. Bo-ram ta ja ni gefe tana hawaye: “Mama, me ya yi wa Baba da zai yi masa wannan ba'ar a gaban mutane?” Na ce ta rabu da shi, tsufa ne da baƙin hali.

Duk wannan na shanye. Abin da na kasa shanyewa shi ne tuluna. Ranar da za a kai ni gidan miji, mahaifiyata ta ɗebo mini ganjang na iri, wato tsohon ruwan waken suya mai gishiri da ake sa wa miya, daga tulunta a ƙauyenmu na Sunchang, kamar yadda ita ma uwarta ta ɗebar mata. Kin san yadda ake yi. Duk shekarar da aka dafa sabon ruwan waken suya, a zuba masa ludayi ɗaya na tsohon don ya ɗauki ɗanɗanon gida, a kuma mayar wa tsohon da mafi kyan sabon don kada ya ƙare. Nawa ya yi baƙi ƙirin, ya yi kauri, gishirinsa ya daskare a gindin tulu kamar tsakuwa. Ba na miyar yau da kullum da shi. Sai ranar tunawa da rasuwarta nake ɗiban cokali biyu in sa a miyar da za a ajiye gaban hotonta. Ni da ƙanwata kaɗai ta ɗebar wa, kuma shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwarta.

Sau huɗu muna sauya gida, kuma duk sau huɗun mijina ne ya ɗauki tulun nan a ƙirjinsa, bai yarda masu kwasar kaya su taɓa ba. Akwai gidan da babu lif, ya hau da shi bene biyar yana haki yana cewa, “Surukata ta ƙara nauyi bana.” Ya san abin da ke ciki sarai. Shi ya sa ba na karɓar uzurin kowa.

Ran Talatar makon jiya na dawo daga kasuwa da hantsi, tun daga lif nake jin ƙamshin. Na same shi a baranda sanye da safar hannu, ya juye tulun a magudanar ruwa, ya kankare gindin, ya ɗauraye da tafasasshen ruwa, ya kife shi yana bushewa. Ban san irin ihun da na yi ba, amma maƙwabta sun fito. Shi kuwa ko a jikinsa, ya ce, “Ba shi da takarda.” Na ce, “Baban Bo-ram, ka san abin da ka zubar kuwa?” Ya dubi tulun, ya dube ni, ya ce, “To na wane ne?” Malama, da ya mare ni da ya fi mini sauƙi a kan wannan tambayar ta rainin hankali. Tun ranar ban ce masa uffan ba, ina ajiye masa abinci in shige ɗaki.

Shekaranjiya ina neman igiyar ɗaure jaka, na buɗe akwatin kayan aikinsa. A cikin murfin, inda ido zai fara sauka, na ga ƙaramin hotona, da takarda irin ta robobin nan a ƙarƙashinsa. Layi na farko, ainihin sunana da iyayena suka sa mini, sannan “matata”. Rabon da in ji sunan nan a bakinsa tun kafin a haifi Bo-ram, a wurinsa da wurin kowa ni Maman Bo-ram ce. Layi na biyu, ranar aurenmu. Layi na uku, na ranar zubarwa, bai cike ba tukuna. Wato ni ma na shiga sahun gishiri da busasshen kifi, jira kawai yake ya sa rana.

Ba saki nake nema ba, mun girme wannan. So nake in koma wurin ƙanwata a Sunchang, kowa ya ƙarasa kwanansa a inda yake, kamar yadda mata da yawa sa'o'ina suke yi yanzu. Amma wani abu yana riƙe mini ƙafa, na rasa ko mene ne, kuma haushin kaina nake ji a kan haka. Ki gaya mini gaskiya, in tafi?

Mai tulu kife, daga Cheongju

*

Ƴar'uwata mai tulu,

Da farko ina yi miki ta'aziyya, kuma da gangan na zaɓi kalmar. Abin da ya bi magudanar nan hannun mahaifiyarki ne da na kakarki, kuma duk wanda ya ce miki ai ruwan miya ne kawai bai san abin da yake faɗa ba. Fushinki yana kan hanya. Shekara biyu ana ƙwace miki kicin roba bayan roba, ana yi miki tsawa a kan barkononki, ba ƙaramin haƙuri kika yi ba. Ba zan ce miki mace ta gari ba ta haɗa jaka ba.

Amma kin ce in faɗa miki gaskiya, gaskiyar kuma ba mai daɗi ba ce. Na karanta wasiƙarki sau uku, kuma ban ga mai wulakanci a cikinta ba. Na ga mutumin da ya tsaya a ƙofar gidansa lamba ta ɓace masa, ya ƙirƙiri ƙaryar hannu cike don kunya. Na ga wanda ya dubi mijin ƴarsa bai gane shi ba, ya yi masa ladabin da ake yi wa baƙo don kada ya yi kuskure. Mai son tsari ba ya rubuta “firij” a jikin firij. Wanda sunayen abubuwa suka fara zame masa ne yake yin haka. Hujjarki mafi ƙarfi ita ce ya ɗauki tulun sau huɗu a ƙirjinsa, ita ce kuma ta fi tsorata ni. Ina jin da ya ce “na wane ne”, tambaya yake yi da gaske.

Ni ba likita ba ce, kuma zan yi murna idan na yi kuskure. Akwai cututtukan da ke kawo irin wannan mantuwa kuma suna jin magani, har da baƙin cikin da ke kama wasu maza bayan ritaya. Akwai kuma wadda ba ta komawa baya, sai dai a rage mata gudu, ita ma gwargwadon saurin da aka yi aka gano ta. Saboda haka kada ki jira biki ya wuce. A makon nan ki kai shi cibiyar lafiya ta gundumarku a yi gwajin ƙwaƙwalwa. Ki ce ku biyu za a duba, ke ma ki zauna a yi miki, don mutum irinsa ba zai yarda a kai shi kamar kayan da ya lalace ba. Ki rubuta wa likita duk abin da kika rubuto mini, da watan da kowanne ya faru. Kafin nan ki riƙa rufe gas idan za ki fita, ki kuma ɗauke ƙarfen liƙa wayar nan daga inda hannunsa zai kai.

Ki kira Bo-ram yau, ki gaya mata ba ba'a mahaifinta ya yi wa mijinta ba. Idan abin da nake tsoro ne, shekarun da ke tafe masu nauyi ne ƙwarai, zai ƙara zubar da abubuwan da kike so, kuma ba zai san ya yi ba balle ya ba ki haƙuri. Ba aikin mutum ɗaya ba ne, kada kuma ki bari kowa ya ɗora miki shi ke kaɗai don kawai ke ce matar. Idan kuwa gwaji ya nuna lafiyarsa ƙalau, to hali ne, jakarki tana nan, ki sake rubuto mini mu yi wata maganar. Abin da nake roƙo kawai shi ne kada ki yanke hukunci kafin ki san da wa kike faɗa.

Sunchang kuwa ki je, amma na mako guda, bayan Bo-ram ta zo ta zauna da shi. Kin ce ku biyu mahaifiyarku ta ɗebar wa, ashe irin bai ƙare ba. Ki yi kukanki a wurin ƙanwarki, ki karɓo ludayi biyu, ki dawo ki tayar da tulunki. Wannan karon ki manna masa takarda da manyan baƙaƙe.

Saura takardar cikin akwati. Ke da kanki kika faɗa mini dokarsa: abin da ba shi da takarda, shara ne. Ina ganin ya riga ki sanin abin da ke damunsa, kuma ya san abin da hannunsa yake yi wa duk abin da bai gane ba. Shi ya sa ya nemo hotonki, ya rubuta sunan da kunya ta hana shi kira shekara talatin, ya manna a inda zai gani kullum, domin ranar da zai dube ki ya rasa ko wace ce, ya samu takardar da za ta hana shi fitar da ke. Layi na uku ba jira yake ba. A duk gidan nan ke kaɗai ce ya ƙi sa wa ranar zubarwa.

Ina yi muku fatan sakamako mai sauƙi, ke kuma ina yi miki fatan ƙarfin zuciya da masu kama miki.

Malama Seol