Wayar mijina ta ce laifina ne

Hajiya Azumi, don Allah ki taimake ni, raina a ɓace yake. Shekara huɗu da aurena, ko ɓari ban taɓa yi ba. Maigidan yana aiki a Dutsin-Ma, ni ina gidansu a Kurfi tare da mahaifiyarsa, Gogo.

Bara ya saka wata manhaja a wayarsa, wai tana lissafin al'adar mace, ta faɗi ranakun da ciki zai iya shiga. Ranakun yake zuwa gida. Ni kuwa tun ina budurwa da watan Musulunci nake lissafi, saboda salla da ramuwar azumi. In faɗa masa kwanan watan Musulunci, shi ya danna shi haka a kalandar Bature. Wata goma muna wannan shirme. Har akwai ranar da ya zo ya tarar ba na salla, ya ce jikina ne ya rikice. Ya kwashi maganar ya kai wa Gogo, yanzu kowa a gidan jiƙe-jiƙe yake ɗura mini.

Ƙanwata Hafiza, ma'aikaciyar jinya, ita ta gano kuskuren. Da na faɗa masa, dariya ya yi. Wallahi dariyar ta fi komai ƙona mini rai. Ya ƙi gaya wa Gogo, ya ƙi zuwa asibiti. Na haɗa kayana, gidanmu zan tafi.

Mai ɓacin rai, Kurfi

'Yata, fushinki yana kan hanya. Kuskuren kalanda naku ne ku biyu, kuma mutumin da ya jure wata goma yana lissafi, son haihuwa da ke yake yi. Amma fitar da sirrinki nasa ne shi kaɗai.

Ki sani manhaja ba likita ba ce. Abin da aka ba ta take lissafawa, ba ta taɓa gwada kowa ba. Shekara huɗu ta wuce aikin waya, sai asibiti, ku biyu, domin matsalar kan fito daga kowane ɓangare. Jiƙe-jiƙen kuma ki dakata da su.

Ki ajiye kayan tukuna. Ki nemi abu biyu a wurinsa cikin natsuwa: ranar zuwa asibiti, da gyaran magana. In ya ƙi, manyanku su shigo. A gaban Gogo ya ɗora miki laifin, a gabanta zai sauke shi.

Allah ya sanyaya zuciyarki, ya ba ku masu albarka.