Saura Cokali Biyu a Gwangwanin Umma

Assalamu alaikum 'yan uwa na wannan gurup. Admin don Allah ka sakaya sunana, Hausawan Makka duk mun san juna. Shawara nake nema don Allah ku ba ni, abin ya fi ƙarfin kaina, kuma ku yi haƙuri da Hausata, a nan aka haife ni.

Ni ce auta a gidanmu, shekarata talatin da ɗaya, ina zaune da mahaifina a unguwar Ka'akiyya, yayana kuma yana Shisha da iyalinsa. Ummanmu ta rasu wata takwas da suka wuce, Allah Ya jiƙanta. Baba dama tun kafin rasuwarta mantuwa ta fara kama shi, amma bayan an kai ta sai abin ya yi tsanani, yau ya gane ni, gobe ya tambaye ni ko 'yar gidan wa ce. Abinci kuwa sai an yi da gaske yake karɓar loma uku, mutumin da da yake tashi da faranti shi kaɗai yanzu duk rigunansa sun yi masa yawa.

To asalin maganar ta miya ce, kada ku yi dariya. Shekarun baya likita ya hana Baba cin nama saboda hawan jini da ciwon ƙafa, shi kuwa cewa yake miyar da ba nama ai ruwan zafi ce. Lokacin muna unguwar Aziziyya, akwai wata maƙwabciyarmu Ba'indiya da muke kira Hala, ita ba Hausa, Umma ba Indiyanci, Larabcinsu duka biyun a karye, amma kullum suna tare. Ita ta koya wa Umma miyar kori ta ganye da kayan lambu zalla. Za a ɗora mai ya yi zafi, a watsa ƙwayoyin ƙamshi na hardal da kamun su yi ta tsalle suna ƙara, a zuba albasa sai ta yi ja, sannan citta da tafarnuwa da tumatir, sai dankali, baƙin yalo, karas da farin kabeji. Amma ran miyar duka wani gari ne da Umma take soya kayansa ɗaya bayan ɗaya, ta daka a turmi ta zuba a gwangwanin madara. Baba da ke raina miyar shi ya dawo yana tambayarta, har ta zama abincin gidanmu na kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci, da shinkafa fara.

Wallahi sau nawa Umma ta kira ni in zo in ga yadda take haɗa garin nan, ni kuma ina kwance da waya, in ce mata, "Umma ni abincin Indiyawa bai dame ni ba, ba ga ki nan ba." Ta ce, "Ina nan yau." Ban ɗauki maganar a bakin komai ba, yanzu ita ce take cin raina. Hala kuma ta koma ƙasarsu tun da daɗewa, ba lamba ba adireshi, ko sunan garinsu ban riƙe ba.

Sai kuma abin da ya faru lokacin zaman makoki. Gwangwanin a cike yake, Umma ba ta daɗe da yin sabon daka ba. Gwaggonnina da suka shiga kicin suna dafa wa masu ta'aziyya shinkafa da kaza, suka ɗauka kayan ƙamshin kabsa ne, dafa-dukan Larabawa, suka yi ta kamfata da ludayi har kwana uku. Ban ga laifinsu ba, taimako suka zo yi, ni ma a lokacin ban san inda kaina yake ba. Da na buɗe daga baya, abin da ya rage bai kai rubu'i ba, na zauna a ƙasan kicin na yi kuka kamar ranar aka yi rasuwar.

Wata Juma'a da Baba ya kwana biyu ba abin kirki a cikinsa, na ce bari in gwada. Ina watsa hardal a mai ya fara ƙara, ƙamshi ya tashi, sai na ji muryarsa daga falo da ƙarfi kamar da, "Hajjo, ki rage gishiri fa!" Haka yake kiran Umma. Ita kuma idan tana girki ba ta amsawa da baki, ludayi take ƙwanƙwasawa a bakin tukunya sau biyu, alamar ta ji. Ban san lokacin da hannuna ya ƙwanƙwasa ba. Na ji ya yi dariya. Ranar ya cinye farantinsa tas har ya nemi ƙari, ya zauna yana ba ni labarin shagonsa na Aziziyya da alhazan da yake sayar wa carbi da darduma. Tun daga nan kowace Juma'a haka muke yi, ya kira, in ƙwanƙwasa, ya ci. In ya tambayi inda take in ce tana kicin, ya gyaɗa kai, can barci ya ɗauke shi ya manta. Sauran miyar nake ɗumama masa Asabar da Lahadi, kwana ukun nan su ne yake cin abinci na gaske a sati.

Da na ga garin yana ja baya na shiga neman madadi. Na sayi kori na kanti kala huɗu, na bi shagunan 'yan Indiya da gwangwanin suna shinshinawa, wannan ya ce akwai hulba, wancan ya ce babu, na kalli bidiyo ba adadi. A hancina duk ɗaya ne. Watan jiya na dafa da nawa haɗin. Baba ya kai loma ɗaya ya ajiye cokali, ya ce wannan ba hannun Hajjo ba ne, ina take, me ya same ta. Ya miƙe yana bin ɗakuna yana kira. Yaya yana nan ranar, ya zaunar da shi ya gaya masa gaskiya, cewa ta rasu, an yi mata salla a Harami, shi ma Baban yana cikin sahu. Jama'a ban taɓa ganin abu mai ciwo irin wannan ba. Ya yi kuka kamar ƙaramin yaro, yana cewa don me ba wanda ya gaya masa. Kwana biyu bai ci komai ba sai ruwa, a na uku ya manta, ya sake tambayar ina Hajjo.

Daga nan muka samu saɓani da Yaya. Shi a ganinsa ƙarya nake wa mahaifinmu, ko da ludayi ne ƙarya ce, kuma na hana shi yi wa matarsa addu'a tunda bai san ta mutu ba. Ni kuma na ce shi yana zuwa sau ɗaya a sati ya tafi, ni nake ganin ƙasusuwan wuyan Baba kullum. Na faɗa masa maganganu masu zafi da bai kamata in faɗa wa yayana ba, ya fita ransa a ɓace, har yau gaisuwa kawai ke haɗa mu. Kuma can cikin raina na san akwai gaskiya a maganarsa. Abin da ban gaya masa ba shi ne, ni ma ina jiran Juma'ar nan, don idan Baba ya kira na ƙwanƙwasa, sai in ji kamar da gaske tana tsaye a bayana.

Juma'ar da ta wuce, bayan ya gama ci, ya riƙe hannuna ya ce, "'Yar nan, ki ce wa uwarki ta fito mu ci tare mana, ta daɗe a kicin ɗin nan." Na ce to Baba. Na shiga kicin na tura ƙofa, na tsaya ni kaɗai ina kallon tukunya.

Yanzu saura cokali biyu a gwangwanin, na auna, girki ɗaya ne kacal, kuma jibi Juma'a. Don Allah ku faɗa mini, in dafa masa ya ci na ƙarshe, ko in ajiye saboda ranar da zai ƙi komai gaba ɗaya? Malamai na gurup, abin da nake yi ƙarya ce da Allah zai kama ni da ita? In akwai wadda ta san haɗin garin nan ta taimake ni ta hannun admin. Kuma in garin ya ƙare, ya kira Hajjo daga falo, ni me zan ce masa?