Kwallin Gwaggo Habsa

Ganou, Parakou

Gwaggo Habsa,

Gaisuwa da fatan kuna lafiya, ke da mutanen gida. Tunda kin daina ɗaga wayata, na ba Mounkaila direba wannan takarda a gar, tashar mota.

Kin tuna bikin yayana Tahir, da idanuna suka yi ta zuba? Ke kika zagaya Djougou kina cewa kukan hassada nake, wai ba na son auren. Har yau matarsa Nana Aïcha ba ta amsa gaisuwata, kuma abin yana cina.

To na ga likitan ido. Ya ce bushewa ce. A bakin fatar ido akwai 'yan ƙofofi masu fitar da maiƙo, shi ke hana ruwan ido saurin ƙafewa. Nawa sun toshe, idon ya bushe yana ƙaiƙayi kamar an zuba yashi, shi ya sa yake ta ambaliya. Abin da ya toshe su kuwa kwallinki ne, wanda kike kwaɓawa da man shanu kina cewa a cusa har ciki.

Yanzu na samu sauƙi. Ina nan tafe sunan ɗan Tahir, kuma da bakina zan zo.

'Yarki,
Khalida

*

Djougou

Khalida,

Bayan gaisuwa, saƙonki ya iso, da rashin kunyarsa duka. Kwallin nan tun zamanin fataucin goro kakanninmu ke sa shi, babu wadda ta makance. Likitan naki bai kai shekarun tandun kwallina ba.

Sai dai ga wata magana, ta tsaya tsakaninmu. Kwanan nan nawa idon ma ya fara. A walimar maƙwabta ruwa ya yi ta bin kumatuna, na ga mata suna taɓa juna. Ranar Juma'a ni zan riƙe jaririn gaban dangin Nana Aïcha, kin kuwa san bakinsu. Me ya ce ki yi? Rubuto, ki ba Mounkaila gobe.

Allah ya shirye ki.

Gwaggonki

*

Ganou, Parakou

Gwaggo,

Ina gaisuwa. Ba zan ɓoye miki magani ba, ba haka aka rene ni ba. Ki jiƙa tsumma mai tsabta da ruwan ɗumi, ki ɗora a kan ido safe da yamma. Sannan ki murza fatar a hankali zuwa wajen gashin ido, ki goge bakinta. Kwalli kuma ki ajiye shi.

Amma likita ya ce sai an yi makonni kafin a ga sauƙi, suna kuwa jibi ne.

Zan zauna kusa da ke, na ma saya miki mushuwar sabo na share hawaye. In dangin Nana Aïcha suka tambaye ni abin da ya sa kike kuka, zan ce su tambaye ki, ke kika san ma'anar hawaye a gidan biki.

Ki huta lafiya.

Khalida